Digiri a Kan Kalangu: Ina Ɗan Daudawa Zai Je Ya Karanci Kiɗa?

Farkon kowace shekara, da zarar hukumar JAMB ta buɗe rajista, samari da 'yan mata daga Daudawa da sauran garuruwan Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara kan shiga mota su nufi Funtuwa da makamantanta, inda cibiyoyin kwamfuta suke. Ana layi tun da sanyin safiya, kowa riƙe da lambar NIN ɗinsa. Mai cike fom ba ya ko ɗaga kai, tambayarsa ɗaya ce: wane kwas? Amsoshin ma an san su. Likitanci, aikin jinya, lauya, kimiyyar kwamfuta, aikin jarida. Wanda makinsa bai kai ba ya gangara kwalejin ilimi.

A irin wannan layi ba a rasa yaron da wayarsa ke cike da kiɗan da shi ya haɗa da kansa, ko yarinyar da ita ce ke ba da waƙa duk ranar walimar sauka a Islamiyyarsu. Yawancinsu ba su san cewa kiɗa darasi ne da JAMB da WAEC ke yin jarrabawarsa ba, balle su san ana yin digiri na shekara 4 a kansa, har a kai ga digirin digirgir. Wanda ya sani kuma ba zai faɗa da ƙarfi ba, don kada 'yan layi su yi masa dariya.

Ƙasar Shata da Barmani

Ga shi kuwa kudancin Katsina ba baƙon kiɗa ba ne. Alhaji Mamman Shata haifaffen Musawa ne, ya zauna Bakori, ya kafa gida a Funtuwa, ya rasu a 1999 bayan ya shafe fiye da shekara 50 yana waƙa da kalangu. Barmani Choge, wadda ta fito da kiɗan ƙwarya na amada daga cikin gida zuwa dandali, 'yar Gwaigwayi ce a ƙasar Funtuwa, ta rasu a 2013. Dauda Kahutu Rarara, da ya riƙe waƙar siyasa a shekarun nan, daga Kahutu yake ta ƙaramar hukumar Ɗanja. Babu ko ɗaya cikinsu da ya koyi sana'arsa a aji. Shata ma ba gado ya yi ba, haye ya yi, mahaifinsa bai so ba.

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa na dakta. An yi murna, kuma ya cancanta. Sai dai jami'ar da ta sanya masa wannan riga ba ta da sashen da ke koyar da abin da ta karrama shi dominsa. Tana da sashen zane da sassaƙa da ya yi suna a faɗin Afirka tun shekarun 1950, tana da sashen wasan kwaikwayo tun shekarun 1970, amma kiɗa bai samu ɗakin kansa ba.

Ko binciken da aka yi a kan Shata, a dubi hanyoyin da ya biyo. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir sai da ya je Jami'ar Indiyana ta Amurka ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a 1975. Littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, na 2006, Ibrahim Sheme ne ya jagoranci rubuta shi, kuma shi ɗan jarida ne. Cikin abokan aikinsa akwai Dokta Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, wanda ya shafe shekaru yana bin diddigin waƙoƙin Shata, alhali fanninsa na jami'a kimiyyar duwatsu da ma'adinai ne. So ne ya ja su, ba manhaja ba.

Inda ake koyarwa

Sashen kiɗa na farko a jami'o'in Najeriya a Nsukka aka buɗe shi, a 1961. Daga baya Ile-Ife, Legas, Uyo, Awka, Abraka da Fatakwal suka bi sahu. A Legas ɗin kuma akwai makarantar ƙungiyar MUSON mai ba da difloma, sannan sojojin ƙasa da na ruwa suna da makarantunsu na horar da 'yan badujala. Wanda ya tashi daga Daudawa, cikin mafi kusa da zai samu akwai Filato, wato Jami'ar Jos da jami'ar ilimi ta tarayya da ke Pankshin. Ilori ma tana koyar da kiɗa a haɗe da rawa da wasan kwaikwayo.

An taɓa gwadawa a tsakiyar ƙasar Hausa. A farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, Bala Miller, ɗan asalin Zariya, ya taimaka aka kafa makarantar kiɗa a Kano. Yau da wuya a samu matashin mawaƙin da ya taɓa jin labarinta.

Me ake yi a irin wannan sashe? Ɗalibi yana koyon rubuta sauti a takarda da karanta shi, ta yadda kiɗan da aka yi a Katsina wani zai iya buga shi a Alƙahira ba tare da ya taɓa jin sa ba. Ana horar da kunnensa ya rarrabe hawa da saukar sauti. Ana koya masa haɗa muryoyi da kayan kiɗa, da tarihin kiɗan Turai da na Afirka, da sarrafa na'urorin ɗaukar sauti. Dole ya zaɓi abin kiɗa ɗaya ko murya ya ƙware a kai, kuma a gaban malamai zai buga a ba shi maki. Ba wasa ba ne, masu faɗuwa suna faɗuwa.

Matsalar ɗan Daudawa tun daga ƙasa take farawa. A firamare da ƙaramar sakandare an cusa kiɗa cikin darasi guda tare da zane da wasan kwaikwayo, kuma a yawancin makarantunmu malamin zane ne ke riƙe da shi, in ma akwai shi. Yara su zana tulu da kofi, a ce an gama. A babbar sakandare kuwa babu mai koyarwa, don haka babu mai zana jarrabawar. In ya yi sa'a ya kai ga gwajin shiga sashen, abokan takararsa yara ne da suka tashi cikin ƙungiyar mawaƙan coci, sun san do-re-mi tun suna ƙanana, hannunsu ya saba da fiyano. Wannan ya haɗa har da Kiristoci masu magana da Hausa na Filato da kudancin Kaduna, da na yankin Malumfashi da Ƙafur. Shi ɗan Daudawa kuwa ya zo da kunne mai kyau, amma bai taɓa ganin kiɗa a rubuce ba.

In ya shiga ma, manhajar ta fi karkata ga kiɗan Turai, abin da ya rage na Afirka kuma ya fi yawa a kan na Yarbawa da Inyamurai, domin malami abin da ya sani yake koyarwa. Yana iya gama shekara 4 bai ga kotso da idonsa ba.

An karanci baki, an bar hannu

Kada a ce jami'o'in ƙasar Hausa sun yi watsi da makaɗa. Ta ƙofar sashen Hausa suka shigo da su, kuma an yi aiki mai yawa. A Jami'ar Bayero, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, ya bi shi da littattafan tarihin makaɗa da diwanin waƙoƙinsu. Duk ɗalibin Hausa a Kano, Sakkwato, Zariya ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina ya san turke, ya san gindin waƙa da ɗiyanta, ya san jagora da 'yan amshi, ya san salo da rauji. Kundaye sun cika kantoci a kan Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Sarkin Taushin Katsina, Ɗan Anace da Kassu Zurmi.

Amma mai buɗe waɗannan kundaye zai lura da abu ɗaya. Ɗalibi ya saurari kaset, ya rubuta kalmomin, ya fito da turke, ya zaƙulo habaici da zambo da kirari. Kayan kiɗan kuwa shafi ɗaya ko biyu ake ba su: ana amfani da kalangu kaza, da kuntuku, da 'yan amshi kaza. Shi ke nan. Yadda makaɗi ke matse tsarkiyar kalangu a hammata ya sassauta ta har fata ta bi karin sautin Hausa ta faɗi take, yadda makaɗa uku ko huɗu ke raba aiki kowa da gurbinsa ba tare da sun yi karo ba, inda Shata ke shigowa a kan kiɗa da inda yake bari amshi ya ɗauka, duk wannan ba ya shiga kundi, saboda ba a ba ɗalibin kayan aikin da zai kama shi ba. Ana ɗaukar waƙar baka tamkar rubutacciyar waƙa ce da aka yi kuskuren rerawa.

Ɗan abin da aka rubuta na sautin kansa, baƙi ne suka fi yin sa. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, bayan bincike a Zazzau da Katsina. Fremont Besmer ya zauna Kano ya yi nazarin kiɗan fada da na daren salla, daga baya ya rubuta littafi a kan kiɗan bori. Da Turanci suke, kuma samun su a ɗakin karatu a Katsina aiki ne.

Da makaɗan suna nan daram, da sai a ce babu gaggawa. Ba sa nan. Tun da Ɗanmaraya Jos ya rasu a 2015, masu kuntigi da ake ji ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Jauje da kotso sun koma kayan ranar hawa. A yankin Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara kuma rashin tsaro ya ƙara wa abin gudu. Gangar noma tana buƙatar gayya, gayya tana buƙatar gonar da za a je a dawo lafiya. Kalankuwa da wasan dare suna buƙatar dare mai aminci. Yankin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, aka rufe kasuwannin dabbobi aka katse layukan waya a 2021, ba wurin da ɗan makaɗi zai zauna ya gaji ubansa ba ne. Ya kama acaɓa, ko ya sayi sifika ya zama DJ.

"Roƙo za ka je koyo?"

Wannan ita ce tambayar da yaro zai fara ji a gida, kuma tana da tushe. A tsarin sana'o'in Hausa na da, makaɗi da maroƙi a ƙasa suke, duk da sarki ba ya hawa sai da su. Masanin nan M. G. Smith ya rubuta haka a binciken da ya yi a Zazzau a shekarun 1950, kuma har gobe akwai gidajen da in aka zo neman aure aka ji ɗan makaɗa ne, magana ta mutu. Uban da ya sayar da masara ya biya kuɗin makaranta yana so ɗansa ya fito daga sahun masu miƙa hannu ne, ba ya koma ciki da takardar shaida ba.

Sai maganar addini, wadda ta fi nauyi. Malamai da yawa, musamman na ɓangaren Izala, suna ganin kayan kiɗa haramun ne, in ban da abin da aka yi rangwame a kansa ranar biki da salla. Wasu kuma suna duba abin da aka faɗa a waƙar da wurin da aka yi ta. Saɓanin ba na yau ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki kaɗe-kaɗen sarakunan Haɓe, amma ya yarda da gangar yaƙi da ta tara jama'a, kuma a rubuce-rubucensa na baya ya fi ƙanensa Abdullahi sassauci. Shehu Nasiru Kabara ya kare bandirin Ƙadiriyya da alƙalami. Can baya kuma, Alfarabi ya rubuta babban littafi a kan ilimin kiɗa fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Duk da haka, shugaban makarantar da ke tunanin buɗe sashen kiɗa ba Alfarabi zai tuna ba. Zai tuna yadda shirin gina alƙaryar fim a Ƙofa ta jihar Kano ya rushe a 2016 bayan malamai sun tashi a kansa.

Ƙorafin masu adawa ba duka ne na banza ba. Akwai batsa a wasu waƙoƙin, akwai zagin mutunci a waƙar siyasa, akwai abin da ke faruwa a wuraren casu da ba uban da zai so ya ga 'yarsa a ciki. Sai dai duk wannan ya tsiro ya yi rassa ba tare da wani sashen kiɗa ba. Rashin aji bai hana kiɗa ba, malami kawai ya hana shi samu.

Hujjar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta aiki. In ya gama, me zai yi? A takarda akwai koyarwa, badujalar soja da ta 'yan sanda, gidajen rediyo da talabijin, hukumomin tarihi da al'adu, situdiyo da kiɗan fim. A zahiri guraben a Arewa kaɗan ne, kuma mai situdiyo a Kano ba ya tambayar takarda, cewa zai yi zauna ka buga mu ji. Duk wanda ya ce wa ɗan talaka daga Daudawa ya zuba shekara 4 a kan kiɗa zalla, ya kamata ya faɗa masa wannan gaskiyar tukuna.

Situdiyo ce makarantar

Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano irin su Iyan-Tama, fim ɗin Sangaya ya fito da kiɗan da ya kama gari, koyon kiɗa ya sake gida. Da a bayan uba ake koyo, yaro ya fara da ɗaukar kaya, ya samu kuntuku, a hankali ya kai ga babban kalangu. Yanzu a bayan mai situdiyo ake koyo. Yaro ya share ɗaki, ya sayo abinci, ya tada janareta, ya zuba ido a kan kwamfuta, in oga ya fita ya taɓa. Sauran ya ƙarasa a YouTube da manhajar FL Studio.

Wannan makaranta ta yaye gwanaye, ba a musu. Amma iyakarta a bayyane take ga mai kunne. Kiɗa ɗaya ake juyawa, sautin kalangun da ake ji daga cikin na'ura yake fitowa ba daga fata ba, murya kuma an bar wa kwamfuta ta daidaita. Ga jahilcin haƙƙi. An sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya a 2023, amma mawaƙa nawa ne suka san abin da ta ba su? Masu tura waƙa a waya a bakin tasha suna cin kasuwarsu, mawaƙi yana jiran biki ko ɗan siyasa. Roƙon da uba ke gudu, rashin sanin ne ke mayar da ɗansa cikinsa.

Abin da maƙwabta suka yi

Ba sai an je Turai neman misali ba. A Yamai akwai cibiyar horar da makaɗa mai sunan Alhaji Taya tun ƙarshen shekarun 1980, tana da ɗakin adana kayan kiɗan gargajiya. Marigayi Malam Maman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurmi, ya yi aiki a can, kuma da tallafin UNESCO ya je gaɓar tafkin Chadi ya koyi kiɗan biram a wurin tsohon da ya rage yana buga shi. A Bamako, Habib Koite ɗalibin makarantar fasaha ta ƙasa ne kafin duniya ta san shi. Nijar da Mali kuwa ƙasashen Musulmi ne, masu gidajen makaɗan gado irin namu.

Babban fanni ko na gefe?

A ganina, ɗan wannan yanki ba digirin kiɗa zalla ne buƙatarsa ta farko ba. Abin da ya fi dacewa shi ne kiɗa ya shigo a matsayin fanni na biyu, ya jingina da wanda iyaye suka riga suka amince da shi. Tsarin kwalejojin ilimi ya riga ya ba da wannan dama, domin ɗalibin NCE darussa biyu yake haɗawa: Hausa da Turanci, Hausa da Larabci, Hausa da addinin Musulunci. Babu abin da ya hana Hausa da kiɗa a Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-Ma ko ta tarayya da ke Katsina. Wanda ya fito malamin Hausa ne mai albashi, kuma yana iya rubuta taken kalangu. A jami'a ma, ɗalibin aikin jarida ko kimiyyar kwamfuta zai amfana da kwas biyu ko uku na zaɓi a kan sauti da haƙƙin mallaka. 'Yan mata kuwa, su ne ke da hanyar shiga cikin gidaje inda ragowar shantu da waƙoƙin gaɗa da na daka suke.

Mutanen Daudawa ba sai an yi musu dogon bayani a kan haɗa gado da karatu ba. Auduga gado ce a garin, kakanni sun noma ta ba su je makaranta ba. Amma tun shekarun 1920 da Turawa suka kafa gonar gwajin iri a nan, aka riƙa aunawa ana rubutawa ana zaɓen iri, kuma ba wanda ya ce hakan ya rage wa manomi daraja.

Inda gizo ke saƙar shi ne malamai. Manhajar kiɗa ta NCE tana nan a rubuce a hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, ba sai an yi sabuwar doka ba, amma hukumar ba za ta amince da sashen da ba shi da masu digiri a fannin ba. Rukunin farko dole a tura su Jos ko Pankshin, ko a ɗauko malamai daga can. Su kuma waɗanda suka san kalangu da goge da garaya ciki da bai, yawancinsu ko takardar firamare ba su da ita, ka'idar ɗaukar aiki ba ta san da zamansu ba. Jami'ar Gana da ke Legon ta warware wannan tun shekarun 1960, zamanin Farfesa Nketia, ta ɗauki manyan makaɗan gargajiya aiki a matsayin masu horarwa, suna shiga aji tare da masu digiri, ana biyan su albashi duk wata.